Ƙwaya Bakwai Kowace Safiya: Yadda Muka Yi Jinyar Ɗana da Prednisolone

Ina rubuta wannan ne domin iyayen da za a miƙa wa takarda a asibiti an rubuta prednisolone a kai, a ce su ba ɗansu na tsawon watanni, su fito daga ɗakin likita ba su san abin da ke gabansu ba. Maganin yana da arha, ƙwayarsa ƙanƙanuwa ce, kusan kowane kemis na da shi, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma yana daga cikin magunguna mafiya ƙarfi da ake ba yaro, kuma yadda ake fara shi da yadda ake barinsa duk suna da ƙa'ida. Ga yadda tamu tafiyar ta kasance a Kano, tun daga ƙaramin asibitin unguwa har zuwa wurin likitan ƙoda na yara.

Ɗana yana da shekara biyar abin ya fara. Da safe sai ya tashi da kumburarrun idanu kamar wanda ya kwana yana kuka, kafin azahar sun saɓe, mu ɗauka cizon sauro ne ko yawan barci. Daga nan kumburin ya sauka ƙafa, takalmin makaranta ya daina shiga, ciki ya tasa, har gabansa ya kumbura. In na danna yatsa a ƙwaurinsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Fitsarinsa ya ragu sosai, ɗan wanda yake yi kuma in ya zuba a fo sai kumfa ta taru a kai ta ƙi bajewa. Kowa ya shigo gidan da sunan da zai raɗa wa ciwon. Wannan ta ce tamowa ce, waccan ta ce daji ne, wata ta ce sanyi, wata ta ja ni gefe ta ce bakin mutane ne. Kakarsa ta wajen uba, cikin tausayi da son jikanta, ta ce a kira wanzami ya yi masa ƙaho a fitar da mugun ruwa. Babansu ya ba ta haƙuri, ya ce a bari asibiti su fara gani. Daga baya likita ya gaya mana cewa tsaga fatar yaron da ke cikin wannan hali hanya ce ta shigar ƙwayar cuta, domin garkuwar jikinsa ta riga ta yi rauni.

A asibitin unguwa an yi masa gwajin maleriya, sannan ma'aikacin ya ba ni 'yar roba ya ce a kawo fitsari. Ya tsoma wani siririn tsinke mai launuka a ciki, ya ɗan jira, ya kara shi da jikin kwalbar. Wurin da ya kamata ya tsaya rawaya ya koma kore shar. Ya ce, "Maman yaro, wannan ya fi ƙarfin nan. Furotin ne ke zuba a fitsarinsa, ƙoda ce." Ya rubuta mana takardar tura mara lafiya zuwa babban asibiti. Ku riƙe wannan takarda da kyau, ku ɗauki hotonta a waya, domin ita ce ke raba ku da dogon bayani a ƙofar babban asibiti. Kalmar ƙoda kuwa, tunda na ji ta gabana yake faɗuwa, don abin da na sani game da ciwon ƙoda bai wuce wankin ƙoda da dashe ba.

A babban asibiti sai da muka fara buɗe kati. Ana biya a wani wuri, a kai rasit wani wuri, a karɓi fayil a wuri na uku, kuma kowanne da layinsa. In da hali ku je ku biyu, ɗaya ya riƙe yaro ɗaya ya bi layi, kuma ku fita da an idar da sallar asuba. Da yake kumburin ya yi yawa har numfashinsa ya fara nauyi, sashen gaggawa na yara aka tura mu. Nas ta auna nauyinsa da tsawonsa, ta nemo ɗan ƙaramin abin awon jini na yara ta ɗaura masa a hannu. Ƙaramin likita ya yi mini tambayoyi masu yawa: ko ya yi ciwon maƙogwaro ko ƙuraje kwanan nan, ko fitsarin ya taɓa yin ja ko launin shayi, ko akwai mai tari a gida, ko akwai sikila a dangi, ko an ba shi maganin gargajiya. Ku faɗi gaskiya a kan wannan ta ƙarshe, ba don a yi muku faɗa ake tambaya ba, wasu jiƙe-jiƙen suna taɓa ƙoda ne. A ranar aka ba mu gado.

Nan aka shiga gwaje-gwaje, kuma nan ne kuɗi ya fi tafiya. An ɗebi jini don a ga yawan albumin, wato furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, da yawan kitsen jini, da yadda ƙodar ke aiki. An duba ciwon hanta nau'in B da C, da HIV, da rukunin jininsa na sikila. An sake gwada fitsari a ɗakin gwaji, an yi hoton ciki don a ga ƙodojin, an yi hoton ƙirji, an kuma yi masa wata 'yar allura a fatar hannu aka zagaye wurin da biro, aka ce kada a wanke ko a sosa sai an duba bayan kwana biyu zuwa uku. Wannan ta tarin fuka ce. Wasu sakamakon a ranar suke fitowa, wasu sai an jira, kuma ku ne za ku je ku karɓo ku kawo wa likita. Ku tanadi jakar leda mai zif ku riƙa tara rasit da sakamako wuri guda. Wanda ke da inshorar lafiya ya nuna katinsa tun a wurin buɗe fayil, kada ya bari sai ya fara biya.

Jiran nan ya yi mini tsawo. Ina kallon yaro a kumbure, an ce an san ciwon, an ce akwai magani, amma ba a fara ba. Abin da ake ba shi kawai maganin sa fitsari ne, aka hana gishiri, aka ba ni gora mai awo aka ce duk fitsarin da ya yi in auna in rubuta. Da na kasa haƙuri na tambayi wata sista mai kirki da ke aikin dare, ta zauna bakin gadon ta ce, "Maman yaro, maganin da za a ba shi yana kwantar da sojojin jiki ne. In akwai tarin fuka ko ciwon hanta a ɓoye aka ɗora masa shi, ciwon zai samu fili ya tashi. Gara a duba tukuna." Tun daga lokacin na daina ganin jiran a matsayin sakaci.

Da sakamako ya haɗu, babban likitan ƙoda na yara ya zo zagaye da ɗalibansa, bayan ya gama da su ya juyo gare mu da Hausa. Ya ce sunan ciwon nefrotik, matatar ƙoda ce ke yoyo, furotin na tsiyaya cikin fitsari, jini ya rasa abin riƙe ruwa, ruwan ya fantsama cikin jiki. Ya ce a yara masu irin shekarunsa, wajen takwas cikin goma suna jin prednisolone, yoyon ya tsaya. Wanda bai ji ba bayan mako huɗu zuwa shida ana sha kullum, shi ne ake tsakuro ɗan naman ƙoda a duba, a canja magani. Sannan ya kalli babansu ya ce, "Alhaji, abu biyu nake roƙo. Zai yi ƙiba, fuskarsa za ta canja, halinsa ma zai canja, kada ku tsorata. Na biyu, ko ya warke sarai a idonku, ko wa ya ba ku shawara, kada ku tsayar da maganin nan rana ɗaya. Mu muka fara shi, mu za mu sauke shi." Da nauyin yaro ake lissafa adadin, wajen miligiram 2 a kan kowane kilo, ba a wuce 60 a rana. Namu ya kama miligiram 35, wato ƙwaya bakwai 'yan miligiram 5, sau ɗaya kowace safiya, na tsawon mako shida. Na faɗi adadin ne don ku ga yadda abin yake, kada ku firgita in an ce ku ba ƙaramin yaro ƙwayoyi masu yawa haka. Ba don wani ya kwafa ba, kowane yaro da nasa lissafin.

A kantin maganin asibiti na yi mamakin arharsa, bai kama ƙafar kuɗin gwaji ko ɗaya ba. Mai ba da maganin ya ja hankalina kan abubuwa kaɗan: a sha da safe, bayan an ci abinci, duka a lokaci guda. Dalilin safiya shi ne jiki da kansa yana samar da irin wannan sinadari, mai suna cortisol, kuma da sassafe ya fi fitar da shi, don haka shan safe ya fi dacewa da tsarin jiki, ya kuma rage hana barci. Dalilin abinci kuwa, yana iya cin ciki. Ya ce kada a haɗa masa da ibuprofen ko diclofenac, in zazzaɓi ko ciwo ya zo farasitamol kawai, sannan a kawo shi. Abin da bai faɗa mini ba shi ne ɗacinsa. Ranar farko yaron ya tauna ɗaya, ya tofar, ya rufe baki gam. Abin da ya yi mana aiki shi ne in murƙushe su tsakanin cokali biyu, in kwaɓa da ɗan zuma kaɗan a cokali guda, ya haɗiye lokaci ɗaya, in bi shi da koko. Kada ku zuba a cikin kofin kunu gaba ɗaya, in ya sha rabi ya ture ba ku san nawa ya shiga ba. In ya yi amai nan take, ku tambayi likita ko za a maimaita, ku karɓi lambar da za ku kira tun kafin a sallame ku.

Cikin mako na biyu muka ga ikon Allah. Fitsari ya ɓalle, gorar awo ta riƙa cika tana ƙara cika, nauyinsa na sauka kullum a sikeli, idanu suka buɗe, ƙwauri ya fito. Tsinken gwaji ya tashi daga kore ya dawo rawaya. Ƙa'idarsu ita ce in ya nuna babu furotin kwana uku a jere, to ciwon ya lafa. Aka sallame mu da ranar dawowa, da maganin ƙarin ƙarfin ƙashi na kalsiyam da bitamin D, aka kuma sa muka sayi kwalbar tsinken gwajin fitsari, aka koya mini dubawa: fitsarin farko na safe, a tsoma a cire, a jira kamar minti guda, a kara da launukan jikin kwalba, a rubuta a littafi. Kwalbar a rufe ta ruf bayan an ɗauki ɗaya, danshi na lalata sauran. Na sayi littafi ɗan makaranta na ja layi huɗu, kwanan wata, sakamakon fitsari, adadin ƙwaya, da abin da na lura da shi. Wannan littafin ya fi komai amfani a duk jinyar.

A gida ne maganin ya nuna ɗaya fuskar tasa. Yunwa ta fara zuwa, irin wadda ban taɓa gani ga yaro ba. Ya gama cin tuwo ya suɗe kwano, ya tsaya a kan 'yan uwansa yana kallon nasu. Cikin dare ya tashe ni yana kuka wai cikinsa babu komai. Likita ya riga ya ce a kula da gishiri da zaƙi da maiƙo, don maganin na iya tayar da hawan jini da suga, ga ƙiba. Hana yaro mai jin irin wannan yunwa abinci ba ƙaramin aiki ba ne, don haka na canja abin da ke gabansa. Na riƙa yanka masa gurji da karas da kankana, in dafa zogale in kwaɗa ba gishiri, in ba shi dafaffen wake da ƙwai. Miyarsa daban nake ɗiba kafin in sa gishiri da dunƙule, in ƙara mata albasa da daddawa kaɗan da citta don ta yi ɗanɗano. Taliyar yara mai ɗan ƙullin sinadari, da cincin, da lemon kwalba, duk na daina shigo da su gidan gaba ɗaya, domin ba zai yiwu 'yan uwansa na ci yana kallo ba.

Sai fuska ta cika ta yi zagaye, kumatu suka taso har suna neman rufe hanci, wuya ya yi kauri ta baya, ciki ya fito, hannuwa da ƙafafu kuwa suna nan sirara. Wani laushin gashi ya fito masa a goshi da gadon baya. Halinsa ma ya juya. Yaron da ba shi da hayaniya ya koma mai saurin fushi, abu kaɗan ya yi jifa da kofi, ya doki ƙanwarsa, can kuma ya fashe da kuka ya rungume ni. Wani daren sai ya raba dare idonsa biyu yana surutu. Na sami malamarsa na yi mata bayani, na roƙe ta kada a dake shi a kan wannan, na kuma tara yayyensa na ce duk wanda ya tsokane shi da kumatu zai gamu da ni. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da ya tsaya gaban madubi ya ce, "Umma, yaushe fuskata za ta dawo?" Na ce masa in an gama magani, kuma hakan aka yi. Amma ku sani yaro na ganin kansa, yana kuma jin abin da ake faɗa a kansa.

Mutane kuwa suka rabu biyu. Masu cewa kumburi ya dawo, maganin asibiti ya ƙi, a daina a koma na gida. Da masu cewa masha Allah ya murmure, ya yi ɓulɓul. Dukansu ba su gane ba. Kumburin ciwo ruwa ne, in ka danna yana lotsawa, ya fi yawa a ido da safe, a ƙafa da yamma, kuma tsinken gwaji zai nuna furotin. Ƙibar magani kitse ce, ba ta lotsawa, tsinke kuma na nan rawaya. Da na nuna wa kakarsa wannan da yatsana da kuma littafin, hankalinta ya kwanta, har ta koma ita ke tambaya ko an ba shi na yau. Wadda ta tayar mini da hankali wata maƙwabciya ce da ta biyo ni har ɗaki ta ce in rubuta mata sunan maganin, 'yarta za a yi wa aure, tana so ta ciko kafin biki. Na zaunar da ita na gaya mata abin da na sani. Wannan dangin magani, musamman dexamethasone wanda ya ninka prednisolone ƙarfi wajen sau shida zuwa bakwai, shi ake sakawa a haɗin da ake kira sha-ka-fashe. Cikar da yake kawowa alamar illa ce, tana tafe da hawan jini, da suga, da nankarwa, da lalacewar ƙashi, da raunin garkuwa. Mu muna ɗaukar wannan kasada ne don ƙodar yaro na zubar da furotin, kuma likita na auna shi. Lafiyayyar yarinya me za a ce ta saya da lafiyarta?

Ranar asibiti takan cinye yini guda. A fito da fayil, a auna nauyi da tsawo da jini, a kai fitsari, wani lokaci a soki yatsa a duba suga, sannan a zauna jiran kira. Ku tafi da abincinsa da ruwa, don yunwarsa ba ta san layi ba, abin da ake sayarwa a bakin asibiti kuma duk gishiri ne da mai. Tsawon da ake aunawa ba don ado ba ne, maganin in ya daɗe yana rage saurin girma. An kuma tura mu sashen ido sau ɗaya, domin yana iya kawo yanar ido ko hawan ruwan ido ga wanda ya daɗe yana sha. A wata zuwa aka samu jininsa ya ɗan hau, likita ya ƙara ja mini kunne kan gishiri, ya ce a dawo da wuri a sake aunawa, da aka fara rage maganin ya sauka da kansa. A benci na san iyaye da yawa, kuma a nan na gane faɗin aikin wannan magani: ga mai asma, ga mai ciwon gaɓoɓi, ga yarinya mai lupus, wato ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kansa, ga yaro mai sankarar jini, duk da irin kumatun ɗana. A nan kuma na ga wata baiwar Allah da aka kwantar da ɗanta a gaggauce. Ya samu sauƙi, kuɗin mota ya yi wuya, maganin ya ƙare, suka bari. Bayan 'yan kwanaki yaron ya yi laushi, ga amai, ga jiri, ba ya iya tsayuwa.

Na tambayi likitanmu dalilin haka. Ya ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da cortisol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin bugun jini da sugan jiki, musamman lokacin ciwo. Ya ce, "Hajiya, kamar gidan da ake aiko wa da abinci kullum ne, har suka daina hura wuta. In aka yanke aike rana ɗaya, murhu a sanyaye yake, za a kwana da yunwa. Sai an riƙa rage aiken a hankali, su kuma suna komawa girki." Duk wanda ya sha maganin nan fiye da mako biyu zuwa uku, to jikinsa ya rage yin nasa, kuma tsayarwa farat ɗaya na iya kai mutum ga mutuwa. Tun ranar ban sake bari ƙwayoyin suka kusa ƙarewa ba, kullum akwai na mako guda a ajiye, in za mu yi tafiya kuma su nake fara sakawa a jaka.

Wata fargabar ita ce cututtuka masu yaɗuwa. An gargaɗe mu musamman a kan ƙarambau da ƙyanda, waɗanda kan yi tsanani ƙwarai ga yaron da ke kan wannan magani. Da zafi ya shigo aka ce ƙarambau ta ɓulla a Islamiyyarsu, a ajin ƙasa da nasu. Na tsayar da shi a gida, na kira asibiti, suka tambaya ko ya taɓa yi, ko ya zauna kusa da mai ita, suka ce in na ga ƙurji ko ɗaya in kawo shi a ranar, akwai maganin da ake farawa da wuri. Allah ya tsare bai kamu ba. Zazzaɓi ma ba a jira da shi, domin maganin na iya ɓoye alamun ciwo, yaro na wasa alhali abu na cinsa a ciki. Ciwon ciki mai tsanani ga mai nefrotik shi ma na gaggawa ne. Rigakafin da ake yi da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, irin na ƙyanda da na shawara, ana ɗage wa yaro shi har sai an gama maganin an ƙara wani lokaci a kai, likita ne zai faɗi yaushe. Ɗagewa ce kawai, kuma yi wa sauran yaran gida nasu rigakafin kariya ce gare shi. Haka kaciya. An so a haɗa shi da sa'o'insa na dangi a lokacin sanyi, likita ya ce a dakata, rauni ba ya saurin warkewa a kan wannan magani. Babansu ya sha magana a kan haka, ya tsaya a kan bakansa.

Bayan mako shida aka koma ƙwaya biyar, rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta, na wasu makonni shida, daga nan aka riƙa zaftarewa har aka kai ƙarshe. Wannan matakin ya fi rikitarwa, don mutum na iya tashi da safe ya rasa ko jiya an sha. Kada ku dogara da ƙwaƙwalwa. Ku sa likita ya rubuta muku jadawalin da kwanan wata, ku maimaita masa da bakinku kafin ku fita, ku kuma sami kalanda ku zagaye ranakun sha, mutum ɗaya ne kuma zai riƙa bayarwa a gida. Lokacin ragewar ya ɗan yi kasala da ciwon ƙafafu, yunwar ta ja baya, barci ya daidaita, fushin ya tafi. Fuska ita ce ta ƙarshe, sai da aka ɗauki watanni kafin ta koma yadda take. Ranar da aka tsayar, likita ya rubuta a wani kati cewa yaron ya sha prednisolone na tsawon lokaci, da adadin da ranar gamawa, ya ce har shekara guda duk inda aka kai shi da zazzaɓi mai zafi, ko amai da gudawa, ko za a yi masa tiyata ko cire haƙori, a nuna katin, domin jikinsa na iya buƙatar a tallafa masa da maganin na ɗan lokaci.

An gaya mana tun farko cewa yawancin yaran da suka ji maganin ciwon kan dawo musu ko da sau ɗaya, sau da yawa bayan mura. Namu ma ya dawo, bayan wata mura da ya yi da hunturu. Tsinke ne ya fara nunawa, tun kafin ido ya kumbura, kore kwana uku a jere. Ga ragowar ƙwayoyi a gida, ga kemis a bakin layi, ga adadin na sani, kuma wata 'yar uwa ta ce ai kin zama likita, ki fara masa mana. Na ɗauki littafina muka tafi asibiti. Nauyinsa ya canja, don haka adadin ma ya canja, kuma tsarin dawowa daban yake da na farko: ana sha kullum har fitsari ya wanke kwana uku, sannan a koma tsallaken rana na wajen mako huɗu. Ya fi gajarta, illolinsa ma ba su kai na farko ba. Kuma likita na ƙirga sau nawa ciwon ya dawo, domin in ya yawaita akwai wasu magunguna da ake kawowa don a rage wa yaro yawan shan wannan. In kuna yi a gida a ɓoye, wannan lissafin ya ɓace.

Ban tsani maganin nan ba, ina gode wa Allah da ya sa aka gano shi. A 1948 aka fara gwada cortisone, na farko a dangin wannan magani, a kan wata mai ciwon gaɓoɓi a asibitin Mayo da ke Amurka, a 1950 likitan da ya yi aikin, Philip Hench, da wasu masana biyu suka karɓi kyautar Nobel a kai, prednisolone kuma ya biyo baya cikin shekarun 1950. Kafin zuwansa yara da yawa masu irin ciwon ɗana ba sa tsallakewa. Danginsa ne ake yi wa mai ciki allurarsa in haihuwa ta taho kafin lokaci don huhun jariri ya yi ƙwari, kuma a 2020 binciken da aka yi a Birtaniya ya nuna dexamethasone na rage mutuwar masu korona da ciwon ya kai su ga na'urar numfashi. Abin da ke damuna shi ne yadda yake yawo a cikinmu ba da suna ba. Yana cikin haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mai ciwon jiki ko ciwon gwiwa a leda, mutum ya ji garau ya riƙa komawa, shekara ta zagayo yana sha bai sani ba. Yana cikin mayukan bilicin, waɗanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu, da mayukan ƙuraje masu haɗi uku da wasu iyaye ke kwaɓawa da man kaɗanya suna shafe jarirai da su kullum, alhali fatar jariri na tsotse shi ya shiga jini. Ku riƙa karanta jikin kwali. In kun ga prednisolone, dexamethasone, betamethasone, clobetasol ko hydrocortisone, to dangi ɗaya ne. Wanda kuma ya gano ya daɗe yana shan irin wannan haɗin, kada tsoro ya sa ya watsar a ranar, ya ɗauki ledar ko kwalin ya kai wa likita a tsara masa yadda zai sauka.

Yanzu ɗana ba ya kan magani. Muna gwada fitsari lokaci zuwa lokaci, kullum kuma in yana mura ko zazzaɓi, muna zuwa asibiti a ranakun da aka ba mu ko da lafiyarsa ƙalau. An yi masa kaciyar bayan likita ya ba da izini, a asibiti, kuma mun nuna katin kafin a fara.